Ruwan Da Bai Sauya Launi Ba

Ranar da aka tsinci gawar Sagiru mai kifi, Sufeto Isiyaku ya wayi gari ba shi da abin yi, kuma duk wanda ya san shi a caji ofis na Rano ya san wannan ba ƙaramar masifa ba ce. Mutum ne da zama ke yi wa ƙaiƙayi. In ya zauna ƙafa na rawa, in ya miƙe makulli na kaɗawa a hannu, in an ba shi kujera mai laushi sai ya ɗosana a hannunta.

Abu ɗaya ne ke zaunar da shi wuri guda, wato karatun fiƙihu da yake ɗauka bayan sallar asuba a zauren Malam Nata'ala, limamin unguwarsu, mai kemis ɗin nan na bakin kasuwa. To a ranar, Malam yana sallame salla ya ce kansa na sarawa, a yi haƙuri sai gobe.

Don haka Sufeto ya iso ofis tun masu shara ba su gama ba, ya addabi kowa. Ya sa an sauya wa benci wuri, ya sa an maido shi inda yake. Kofur Shitu, wanda ya fi kowa shan wahalarsa, yana cikin roƙon Allah ya kawo ko da ɓarawon akuya ne, sai ga mai unguwar wani ƙauye na wajen Madachi a kan babur, hula a karkace.

Ya ce an kashe mutum a Rafin Maje, kuma in ba a yi sauri ba za a kashe na biyu.

Sun tarar da jama'a sun yi cincirindo a kan wani falalen dutse da ruwa ke bi ta gefensa. Gawar na kwance rigingine, ƙeya a fashe, ƙafafu cikin ruwa. Can gefe samari sun zagaye wani tsoho baƙi siriri, rigarsa duk jini, sun ɗaure shi da igiyar komarsa. Shi ne Mato, Sarkin Ruwan yankin, kuma shi aka tarar tsugune a kan gawar.

Mai unguwa ya zayyana yadda abin ya faro. 'Yan shekarun nan kifi ya daina haihuwa a rafin. Manya na nan, har ƙiba suke yi, amma ƙanana ko na magani babu. Sai Sarkin Ruwa ya rufe babban gurbin da ke ƙasa da dutsen, kamar yadda al'ada ta ba shi iko, ya hana kowa jefa koma har kifi ya hayayyafa. Kowa ya bi doka in ban da Sagiru, yaron da ya yi karatun kiwon kifi ya dawo gida ya gina tankuna yana ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwaɗa. An kama shi yana su a gurbin, kuma ran kasuwa, a gaban jama'a, Mato ya ce masa in ya sake ganinsa a bakin ruwan nan, ruwan ne zai ci shi.

Sufeto bai jira ƙarshen labarin ba, ya riga ya durƙusa. A ƙirjin rigar mamacin akwai shatin hannu, yatsu biyar cif, na wani farin abu mai maiƙo. Ya sunkuya ya shinshina. Ƙamshi ne mai hawa kai, irin na man shafawar mata. Ya buɗe dunƙulen hannun gawar da ƙyar, ya ciro wani yagaggen ƙyallen buhu.

Ya taka wurin tsohon, ya kama hannuwansa ya juya su, ya kai hanci. Ƙarnin kifi ne kawai da jini. Ya sa Shitu ya kwance igiyar ya sa Mato a mota, don a wannan lokacin babu wurin da ya fi sel aminci a gare shi.

Dipi'o mutum ne mai son aiki a gama kafin shayi ya huce. Ya ce ga barazana a bainar jama'a, ga jini a riga, ga shaidu gari guda, me kuma ake nema? Motar da za ta kai masu manyan laifuka Bompai, hedikwatar 'yan sanda ta Kano, za ta tashi gobe da la'asar, kuma Mato na cikinta. Sufeto ya san tsoho irin wannan in ya shiga waccan mota da tuhumar kisa a kansa, da wuya ya sake ganin rafinsa.

Ya shiga sel ɗin, ya ƙi zama, yana kai da kawowa tsakanin bango da bango.

"Baba, me ya kai ka rafi da sassafe?"

"Ruwana ne, yallaɓai. Kullum sai na zaga shi."

"Da koma a kafaɗa? Kai da ka hana su?"

Mato ya dubi ƙasa.

"Jinin rigarka fa?"

"Kansa na ɗaga, na ga ko da sauran rai."

"Kun yi da shi za ku haɗu a can?"

"Ni da wannan yaro ko gaisawa ba ma yi."

"Wa ka gani a hanya?"

"Ban ga kowa ba."

Amsar ta fito tun kafin tambayar ta ƙare. Sufeto ya daɗe a aikin nan, ya san mai gaskiya sai ya ɗan yi tunani kafin ya ce bai ga kowa ba. Tsohon na ƙarya, amma ba irin ƙaryar mai ceton kansa ba, kuma wannan ne ya fi ba shi haushi.

Da azahar likita ya saki gawar. Ya ce dutse ne ya fasa ƙeyar, faɗuwa ce ta baya, kuma yaron bai cika nan take ba. Ya jima yana numfashi. Da wani ya ɗauko shi da wuri, da wataƙila yanzu maganar ɗinki ake yi. Malam Nata'ala aka roƙa ya sallaci gawar, ya kuwa sallata, muryarsa na rawa, mutane suna cewa Malam akwai taushin zuciya.

Bayan an dawo daga maƙabarta Sufeto ya nemi ganin matar mamacin. Mufida ta fito cikin hijabi, idanu a kumbure, amma ba ta tsaya kuka ba. Ta wuce gaba ta kai shi rumfar tankuna, ta nuna masa wasu kwalabe jere a kan katako, kowacce da hanjin kifi a ciki.

Ta ce wajen ƙyanƙyasa sai an yanka namijin tarwaɗa an ciro farin ruwansa an zuba a kan ƙwan mace. Da ruwan rafi suke cika tankuna, kuma tun bara ƙwai ya riƙa ruɓewa ba ya fashewa. Da Sagiru ya soma buɗe mazan, sai ya tarar wasu sun motse, wasu kuwa ƙwai ne a cikinsu kamar mata. Shi ya sa ya je gurbi ya kamo na dawa ya gwada, su ma haka. Ya aika ruwan wurin wani abokinsa mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Kano, aka ce masa akwai ɓurɓushin maganin tazarar haihuwa a ciki, da sinadaran man bilicin.

"Guba ce ke nan," in ji Sufeto.

"Ya ce da guba ce da sauƙi, a ga kifi ya taso sama a san an yi ɓarna. Wannan ba ya kashewa. Haihuwa yake yankewa, kuma ɗan kaɗan ya isa."

"Sarkin Ruwa ya san wannan?"

Ta dube shi da mamaki. Ta ce ai tun ranar da Sagiru ya je har gida ya buɗe namijin kifi a gabansa, Baba Mato ya zauna ya riƙe kai. Daga nan shi da kansa yake kamo musu kifin gwaji da sassafe, a ɓoye. Ko jiya sun yi magana za su haɗu. Shi kuwa Sagiru ya ɗauki kwalabe yana bin rafin yana haurawa sama, yana neman inda abin ke shigowa. Wadda ya fara zargi ita ce Hajiya Ramlat mai gyaran amare, don kwatar gidanta rafi take gangarawa.

"Ba Baba ba ne, yallaɓai," ta ce. "Kada ku haɗa mini takaba da alhakin tsoho."

Washegari da asuba Malam ya buɗe karatu kamar kullum. Ya yi wa Sagiru doguwar addu'a, sannan ya ɗora yatsa a kan layi, da hannuwan nan nasa masu haske da ɗalibai ke cewa yawan alwala ne ya wanke su, don shi kansa Malam baƙi ne wuluk. Karon farko ke nan da karatu ya kasa zaunar da Sufeto. Hankalinsa na kan motar Bompai, ƙafarsa na ta bugun tabarma har na kusa da shi ya matsa.

Da aka tashi ya tsaya gaishe da Malam, ya tambayi ciwon kai. Malam ya ce da sauƙi, jiya daga masallaci gado ya wuce, bai farka ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ya tambaya ko tsohon nan ya amsa laifinsa. Sufeto ya ce bai amsa ba. Malam ya ce Allah ya bayyana gaskiya, ya shige gida.

Gidan Hajiya Ramlat tun daga zaure ƙamshi ke marabtar mutum. Mace ce mai jiki da baki, fara sol daga goshi zuwa wuya, ta tarbe su da lemo da rantsuwa. Ta ce ita dilka da halawa da lalle kawai take yi, kayan gargajiya, ba ta san ma kalar man bilicin ba. Sagiru kuwa ko a hanya ba ta taɓa ganinsa ba.

Sufeto, da yake ba ya iya zama, ya riga ya zaga bayan ɗaki tana cikin magana. Ya dawo da wani bokiti mai murfi ya ajiye a gabanta. Farin mai ne dame a ciki, ƙamshinsa ɗaya da na rigar mamacin.

"Wannan wace irin dilka ce, Hajiya?"

"To, yallaɓai, amaren yanzu ne. In ba ka haɗa musu ba sai su tafi wurin wata."

"Ina kike jiya da sassafe?"

"Kibiya. Can na kwana gidan biki, amarya biyu na gyara. Ka tambayi duk garin."

"Sagiru fa, da ba ki taɓa gani ba?"

Ta sauke murya. Ta ce ya zo, ya ɗebi ruwan kwatarta, ya yi mata faɗa har ta sa an haƙa rami tana zuba wankin bokitai a ciki. Amma daga baya ya dawo ya ce nata somin taɓi ne, ruwan da ke sama da gidanta ya fi lalacewa. Tsoro ne ya sa ta musa, don ta ji an ce kisa ne.

Shitu ya tambaye ta inda take kai man da ya lalace. Ta ce ai wannan ba ta da matsala da shi. Duk mai kemis da mai sayar da kayan shafa a Rano da Kibiya, in kaya ya yi isfaya, wurin shugaban ƙungiya ake tarawa, shi ke miƙa wa hukuma. Ta faɗi sunan shugaban tana gyara ɗankwali, kamar abin da kowa ya sani.

Sufeto hannuwanta yake kallo. Tafin da yatsun sun ɗashe sun yi fari fat, gaɓoɓin kuwa sun yi duhu.

"Me ya sami hannunki?"

"Man ne. Duk mai dama shi da hannu, a kwana a tashi haka nasa zai koma, ko namiji ne."

Ya san wasu hannuwa masu wannan kama. Ɗazu-ɗazun nan ya gan su a kan layin karatu. Makullin da ke hannunsa ya daina motsi, ƙafarsa ta tsaya cak, har Shitu ya leƙa fuskarsa ya tambaya ko lafiya. Tsoro ne ya kama Sufeto, irin wanda bai taɓa ji ba a gaban ɗan fashi.

Ya koma sel. Wannan karon ya zauna a ƙasa kusa da tsohon.

"Baba, Mufida ta gaya mini kai ke kamo musu kifi."

Mato ya yi ajiyar zuciya. Ya ce in masunta suka ji shi da ya rufe ruwa shi ke shiga da koma, daga ranar maganarsa ta zama iska, kowa zai faɗa gurbin a kwashe 'yan iyayen da suka rage. Gara a ce ya yi kisa da a ce ya ci dokarsa.

"Wannan na gane. Wanda ka gani a hanya nake tambaya."

"Na ce ban ga kowa ba."

"An jima mota za ta tafi da kai, Baba. Daga can ba ni da iko a kanka."

Tsohon ya murza gemu. Sannan ya ce ya sha ganin Malam Nata'ala da sassafe da buhu a bayan babur, yana nufar falalen dutsen nan. Duk masunta sun sha ganinsa. Kowa ya ɗauka tsofaffin takardun karatu ne da suka yage yake kai wa ruwa mai gudu, don kada a tattaka su, kamar yadda malamai ke yi. Wa zai tare malami ya ce buɗe buhunka? In sun hango shi ma kauce masa suke yi don girmamawa.

"Jiya fa?"

"Jiya ya wuce ni a guje, rawani a kwance. Na yi masa sallama bai amsa ba. Na ƙarasa na tarar da yaron." Ya ɗago ido. "Yallaɓai, wa zai ji maganar masunci a kan liman? Ni kaina har yanzu gardama nake yi da idona."

Sufeto ya roƙi Dipi'o ya ɗaga tafiyar zuwa gobe. Dipi'o ya ce shi ba ya aiki da tsegumin mai gyaran amare da na wanda ake tuhuma, kuma kada ya kuskura ya jawo masa rigimar gari a kan liman. In yana da hujja ya kawo kafin la'asar. Direba ma ya riga ya fara duba taya.

Rana ta karkata lokacin da suka isa kemis. Malam na zaune bayan kanta yana jan carbi. Sufeto ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya saba, sannan ya tambayi inda ake kai maganin da wa'adinsa ya ƙare. Malam ya ce mota ce ke zuwa daga birni ta kwashe.

"Yaushe rabonta da zuwa, Allah ya gafarta Malam?"

"Ba a jima ba."

"Zan iya leƙa sito?"

Sufeto bai jira amsa ba, ya shige. A ɗakin baya akwai kwalaye har rufi, da tulin fankon ƙwayoyi da aka ɓare, da kwalaben mai da aka matse tas. A lungu ga turmi da taɓarya, cikinsa fari da garin magani. Bayan ƙofa an cusa wani buhu mai maiƙo, bakinsa a yage. Sufeto ya ciro ƙyallen da ya ɗauko daga hannun gawa ya kara. Ya zauna daram.

Ya fito ya tsaya gaban malaminsa. Ya yi kamun mutane da yawa a rayuwarsa, amma kalmomin da ake faɗa suka ƙi fitowa.

"Allah ya gafarta Malam, ina da fatawa a babin ruwa. Amma sai a bakin ruwan zan iya yin ta."

Malam ya dubi buhun da ke hannun Shitu, ya ajiye carbi, ya rufe kanti.

Babu kowa a falalen dutsen. Ruwa na wucewa garai-garai, ana hango yashin ƙasa. Jinin jiya ya bushe ya yi baƙi, Malam ya tsaya nesa da shi.

"Mutum ne ya zuba abu a ruwa mai gudu," in ji Sufeto. "Mene ne hukuncin ruwan?"

"Ka sani, Isiyaku. In launinsa bai sauya ba, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa, yana nan da tsarkinsa."

"Ko da abin ya hana kifin cikinsa haihuwa?"

Malam ya zauna a kan dutsen a hankali. Da ya soma magana, ruwan yake kallo.

Ya ce motar birni tun yana jira har ya daina, kaya kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Da farko ƙonawa yake yi, hayaƙin ya kwantar da 'ya'yan maƙwabta. Ya koma binnewa, 'yan shaye-shaye suka tone suka kwashe, ɗaya da ƙyar aka ceto shi. Sai ya tuna da rafi. Ya riƙa ɓare ƙwayoyin yana dakawa, ya matse mayukan ya dama su tare, don kada wani ya tsinci abin da zai sha ko ya sayar.

"In na zuba sai in jira ya wuce, in kamfato a tafin hannu. In duba, in shinshina, in kai baki. Isiyaku, ban taɓa barin wurin nan ba tare da na ɗanɗana ba. Ban taɓa jin komai ba. Na ɗauka kare mutane nake yi."

"Sai jiya."

"Sai jiya yaron ya fito daga bayan dutse. Ya ce Malam, ashe kai ne. Na karanta masa hukuncin, ya ce wannan na alwala ne, kifi ba alwala yake yi da ruwan ba, a ciki yake rayuwa. Gaskiya ya faɗa. Ni na ja hukuncin ya rufe abin da ba nasa ba. Ya kama buhun ya ce sai ya kai gaban hukuma da gaban jama'a. Na ja, ya ja. Na ture shi."

"Ya mutu nan take?"

Malam ya kau da kai.

"Allah ya gafarta Malam, ya mutu nan take?"

"Yana numfashi. Idonsa a kaina."

"Ka tafi ka bar shi."

"Na ce bari in kira mutane. Da na hau babur sai na riƙa ganin fuskokinsu, masu bina salla, masu kawo mini 'ya'yansu in sa albarka, da kai. Na wuce gida na rufe ƙofa."

"Da yamma kuma ka sallace shi."

"Na sallace shi."

"Mato fa? Da asuba ka tambaye ni ko ya amsa laifinsa."

"Na ce a raina Allah zai fitar da shi."

Sufeto ya dubi malaminsa. Yana son mutumin nan kamar uba, a wurinsa ya gyara fatiharsa yana da furfura a gemu, kuma a wannan lokacin ji yake kamar ya shaƙe shi. Ya juya baya ya ciro waya, ya kira Dipi'o.

Dipi'o ya ɗauka da faɗa, ana jin ƙugin mota a bayansa. Sufeto ya ce ga mai laifi ya amsa da bakinsa a gaban Kofur Shitu, ga buhu, ga turmi. Sai ya ji Dipi'o na ce wa direba ya kashe mota a sauko da tsohon nan.

Daga cikin gari kiran la'asar ya taso. Malam ya nemi a bar shi ya yi salla kafin a tafi, Sufeto ya gyaɗa kai.

Malam ya gangara bakin ruwa ya tsuguna, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla. Ya miƙa hannu har yatsunsa sun kusa taɓa ruwan, sai ya tsaya. Ruwan na wucewa ƙarƙashin tafinsa, fari tas, babu launi babu wari. Ya daɗe a haka.

Sannan ya janye hannun. Ya miƙe ya hau tudu, ya sami busasshiyar ƙasa, ya buga tafukansa biyu a kanta ya shafi fuska.

Sufeto ya san hukuncin, daga bakin Malam ɗin ya ɗauke shi: ba a taimama ga ruwa mai tsarki a gaba. Malam ya ta da kabbara shi kaɗai, babu wanda ya tsaya a bayansa.

Da ya sallame, Shitu ya ciro ankwa ya tsaya yana jujjuya ta, ya kasa matsawa. Sufeto ya karɓa daga hannunsa, ya taka da kansa. Malam ya miƙo hannuwan tun kafin a ce masa, duk ƙura ce a jikinsu.

"Mu tafi, Malam," in ji Sufeto.